Yadda ake haɗa faifan CD da cenjar mota za ta karanta ba gardama

Cenjar mota, na'urar nan da ke haɗiye faifai shida ko goma ko goma sha biyu tana sauya su da kanta, ta fi kwamfuta tsirfa nesa ba kusa ba. Za ka buga faifai ya yi waƙa lafiya lau a kwamfutarka, ka zura shi a mota ta rubuto maka ERROR ko NO DISC, ko kuma ta tsallake shi shiru ta kama na gaba. Galibi faifan lafiyarsa ƙalau, cenjar ma haka. Abin da ya faru shi ne faifan waƙa iri biyu ne, kai kuma ka miƙa mata irin da ba ta sani ba.

Iri na farko shi ne faifan sauti, wanda manhajoji ke rubuta wa Audio CD. Tsarinsa ɗaya ne da na faifan da kamfanonin waƙa ke sayarwa, bisa ƙa'idar da Philips da Sony suka fitar a 1980: sauti tsantsa ba matsi, 44.1 kHz, 16-bit, sitiriyo. Da minti ake auna shi, yana ɗaukar minti 80, kuma ba ya wuce waƙa 99. Babu na'urar CD da aka ƙera wadda ba ta san wannan tsari ba.

Iri na biyu faifan fayiloli ne, wanda ake rubuta wa Data CD ko MP3 CD. A nan fayilolin MP3 ko WMA ne ake zubawa cikin folda-folda, da megabayit ake aunawa, 700 ne iyaka. Yana ɗaukar sauti na awanni, amma sai na'urar da aka ƙera da ikon warware MP3 ce ke kunna shi, kuma tsofaffin cenjoji da dama ba su da wannan iko.

Idan faifan sauti za ka buga, irin fayil ɗin da ka fara da shi bai dami cenja ba, domin duk za a mayar da shi tsari ɗaya kafin ya hau faifai. Idan kuwa faifan fayiloli ne, komai ya dame ta: irin fayil, nauyinsa, sunansa, har da zurfin foldar da yake ciki.

Kayan aiki

Kwamfuta mai injin buga faifai. Laftof na yanzu da wuya su zo da shi, amma injin waje da ake jonawa ta USB yana yin aikin daidai. Ka dai tabbata mai bugawa ne, za ka ga RW ko Writer a jikinsa ko a kwalinsa, domin akwai mai karantawa kawai.

Faifan CD-R sabo, mai 700 MB da minti 80. Kada ka ɗauko DVD, cenjar CD ba ta ganinsa ko kaɗan. CD-RW, wanda ake gogewa a sake bugawa, yana da ban sha'awa don gwaji, sai dai fuskarsa ba ta mayar da hasken leza da ƙarfi kamar CD-R, shi ya sa idon tsohuwar cenja ke kallonsa kamar babu faifai. Ka bar faifan minti 90 da na 99, sun fita daga ƙa'ida. Faifan da aka rubuta wa Music ko Audio kuma an yi shi ne don rakodar CD ta gida mai zaman kanta, a kwamfuta ba ya ƙara maka komai.

Manhajar bugawa. A Windows akwai CDBurnerXP da ImgBurn, duk kyauta, ga kuma tsohon Windows Media Player. iTunes ko Music na Apple suna bugawa. A Linux akwai K3b da Brasero.

Manhajar gyara. Audacity don yanka da daidaita ƙara, fre:ac ko foobar2000 don sauya tsarin fayil da yawa lokaci guda. Idan faifan MP3 za ka yi, ƙara Mp3tag da MP3Gain.

Sai maka mai taushin baki irin ta rubutu a faifai, da tsumma mai laushi, da littafin bayanin mota ko na cenjar idan yana nan.

Mataki na 1: Gano abin da cenjarka ke karantawa

Duba jikin cenjar, da jikin akwatin da ake jera faifan, da littafin bayani. Idan tambarin Compact Disc Digital Audio kaɗai ka gani, ɗauka faifan sauti kawai take ci. Idan ka ga MP3 ko WMA a rubuce, to tana karanta faifan fayiloli. Tambarin CD TEXT yana nufin za ta iya nuna sunan waƙa.

Ga inda mutane ke ruɗewa. Rediyon da ke gaban mota daban, cenjar da ke cikin but ko ƙarƙashin kujera daban. Rediyon na iya ɗauke da tambarin MP3, bakinsa na faifai ɗaya ya kunna MP3 lafiya, amma cenjar da ke baya ita ke karanta faifanta da kanta, sauti kawai take turo wa rediyo. Tambarin da ke gaba bai yi maka alkawarin komai a kan na'urar baya ba.

In babu littafi, babu tambari, kashe faifai biyu a gwaji. Ɗaya ka buga faifan sauti mai waƙa uku, ɗaya ka zuba MP3 uku masu gajeren suna ba tare da folda ba. Rage ƙarar rediyo sosai kafin ka gwada na biyun: yawancin na'urori shiru suke yi idan suka ci karo da faifan fayiloli, amma wasu tsofaffi sukan kunna shi kamar sauti, su fitar da wata ƙara mai kaifi da za ta iya yi wa sifika lahani. Idan ka ga agogo yana tafiya a lamba ta 1 amma ba ka jin komai, amsa ta fito, ba ta san MP3 ba.

Mataki na 2: Tattara fayiloli ka tantance su

Buɗe folda ɗaya don kowane faifai, ka kwafo abin da kake so a ciki. Kwafi za ka yi aiki da shi, ka bar na asali inda yake. Sa kwamfutar ta riƙa nuna ƙarshen sunan fayil, wato haruffan da ke bayan ɗigo, domin da su za ka san abin da ke hannunka.

WAV, AIFF, FLAC da ALAC su ne masu cikakken sauti. WAV da AIFF ba a matse su ba, FLAC da ALAC an matse amma ba a zubar da komai ba, idan aka warware suna dawowa yadda suke. In kana da waƙa a ɗaya daga cikin waɗannan, ita za ka ɗauka.

MP3, AAC mai ƙarewa da .m4a, WMA, OGG da Opus duk an rage musu wani abu don su yi ƙanƙanta. Wannan ba laifi ba ne. MP3 mai 192 kbps zuwa 320 kbps (kbps ma'aunin nauyin sauti ne a kowace daƙiƙa) yana fita tsaf a faifan sauti, kuma a cikin mota, ga ƙugin inji ga ƙarar taya, da wuya kunne ya raba shi da FLAC. Wanda ya gaza 128 kbps ne ake ji: kuge da sautin "s" sukan yi wani ruwa-ruwa. Ga magana zalla, kamar lacca ko karatu, ko 64 kbps ya wadatar.

Abin da aka zubar ba ya dawowa. Idan ka mayar da MP3 mai 128 zuwa WAV ko zuwa 320, fayil ne kawai ya kumbura, sautin yana nan yadda yake, kamar ka ƙara wa hoto mai dishi-dishi girma. Mafi muni shi ne matsi kan matsi, daga AAC zuwa MP3, daga nan kuma zuwa wani MP3 ɗin, kowane zagaye da abin da yake ci. Idan dole ne, sau ɗaya, daga mafi kyawun kwafin da kake da shi.

Tarkuna uku suna nan a wannan mataki. Na farko, sauya sunan fayil daga .m4a ko .opus zuwa .mp3 ba ya mayar da shi MP3. Kwamfuta za ta iya haƙuri ta kunna, cenja ba za ta yi ba. Na biyu, idan ka buɗe faifan sauti a Windows za ka ga Track01.cda, Track02.cda da sauransu. Waɗannan ba waƙoƙin ba ne, alamu ne masu bayit 44 da ke nuna inda kowace waƙa ta fara. Ka kwafe su, ba ka kwafi komai ba. Ciro waƙa daga faifai sai da manhaja, irin su Exact Audio Copy, fre:ac, ko sashen Rip na Windows Media Player, kuma ka zaɓi WAV ko FLAC. Na uku, fayil mai kulle: tsofaffin .m4p na iTunes, WMA mai kariya, da waƙoƙin da ka sauke cikin manhajar sauraro ta biyan wata-wata. Waɗannan na ƙarshe ba su buguwa, an yi su ne don a saurara a cikin manhajar kawai. Tsaya kan abin da ka saya, ko ka naɗa da kanka, ko mai shi ya bayar.

Mataki na 3: Daidaita sautin

Manhajar bugawa takan mayar da MP3, WAV da WMA tsarin faifan sauti da kanta. Inda take tuntuɓe shi ne FLAC, Opus irin na saƙon murya, da sautin da aka ciro daga bidiyo, wanda galibi 48 kHz yake. Wata ta ƙi karɓa, wata ta karɓa ta tsaya a tsakiyar aiki. Hanyar da na fi amincewa da ita: mayar da komai WAV, 44,100 Hz, 16-bit, sitiriyo, tun kafin a je wurin bugawa. A fre:ac ko foobar2000 ka jawo dukkan fayilolin, ka zaɓi waɗannan lambobi, ka bar ta ta yi. A Audacity kuma lokacin fitarwa ka zaɓi WAV, Signed 16-bit PCM, 44100 Hz, Stereo. Fayil mai 24-bit ko 96 kHz ma haka za a sauko da shi, faifai ba ya ɗaukar fiye da ƙa'idarsa.

Sai batun ƙara. Waƙoƙin da aka tattaro daga wurare daban-daban ba su zuwa da ƙarfi ɗaya, tsohon naɗi a ƙasa, sabo a sama, direba ya yi ta kai hannu ga maɓalli yana tuƙi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka bar manhajar bugawa ta daidaita: a Windows Media Player akwai "Apply volume leveling across tracks", a iTunes akwai "Use Sound Check". In kana son yi da hannu, Audacity na da Loudness Normalization, ka ba duk waƙoƙin lamba ɗaya. Kada ka ɗaga har sautin ya buga sama ya fashe, bar tazarar kamar 1 dB ƙasa da sifili, wato ƙololuwar ma'aunin ƙara. Gara a sauko da masu ƙarfi a ƙara a rediyo, da a ɗaga masu rauni su riƙa tsatsa.

Sauti mai tsawo, kamar laccar awa guda, kada ka bar shi lamba ɗaya, wato waƙa guda a faifai. Cenjoji da yawa idan suka sauya faifai suka dawo, daga farko suke kamawa, kuma neman minti na 47 da maɓallin gaba a kan hanya wahala ce da haɗari. Buɗe shi a Audacity, sa alama da Ctrl+B duk bayan minti biyar zuwa goma a inda mai magana ya numfasa, sannan ka fitar da shi fayil-fayil bisa alamun. Ƙa'idar faifai ba ta yarda da lamba mai ƙasa da daƙiƙa 4 ba. A nan ne kuma za ka datse dogon shirun da ke farko da ƙarshen waƙa.

Mataki na 4: Lissafi da jeri

Ga faifan sauti, minti kawai za ka duba. WAV yana cin kusan megabayit 10 a minti, don haka foldar minti 78 za ta nuna maka kusan 800 MB, ka ce ai ba za ta shiga faifai mai 700 ba. Za ta shiga. Kowane yanki na faifai yana ɗaukar bayit 2,352 idan sauti ne, amma 2,048 kawai idan fayil ne, ragowar na tafiya wajen gyaran kuskure. Haka kuma akasinsa: MP3 talatin da duka-duka ba su wuce 120 MB ba, idan tsawonsu ya kai awa biyu, ba za su hau faifan sauti ɗaya ba.

Tazarar daƙiƙa 2 da ake sawa tsakanin waƙoƙi tana cikin lissafi. Ni kan tsaya a minti 76 zuwa 78. Faifai daga tsakiya ake fara rubuta shi ana fitowa baki, kuma bakin nan ne ya fi shan yatsa da ƙarzuwa, nan ne kuma ya fi rawa idan faifan bai miƙe sosai ba. Zaɓin Overburn, mai cusa fiye da minti 80, ka bar shi a kashe.

Sa lamba a gaban sunayen, 01, 02, 03, da sifilin, don su jeru yadda kake so.

Mataki na 5: Buga faifan sauti

Jona laftof da wuta, hana ta yin barci, rufe manhajoji masu nauyi. Idan injin waje ne, ajiye shi a kan tebur mai ƙarfi, kai tsaye a jikin kwamfuta, kada ka taɓa shi har ya gama.

Da ka zura sabon faifai, Windows zai tambaye ka yadda kake son amfani da shi, "Like a USB flash drive" ko "With a CD/DVD player". Rufe wannan tambaya. Na farkon yana tsara faifan yadda galibi mota ba ta karantawa, na biyun kuma faifan fayiloli yake yi. Ko WAV ka jawo ta nan, faifan fayiloli mai ɗauke da WAV ka samu, wanda ya rasa amfanin duka biyun: ga cin wuri, ga cenja ba ta kunnawa.

Buɗe manhajar bugawa. A CDBurnerXP zaɓi Audio disc. A Windows Media Player shiga Burn, ka tabbata Audio CD aka zaɓa a cikin zaɓuɓɓuka. A iTunes haɗa jerin waƙoƙi, ka ce a buga shi, ka zaɓi Audio CD. ImgBurn ya ɗan fi zagaye: shiga Tools, Create CUE File, jera waƙoƙin, sannan ka buga fayil ɗin CUE da ya fitar, wato jadawalin jerin waƙoƙin.

Kafin ka danna bugawa, duba abubuwa huɗu.

Salon bugawa ya zama Disc-at-Once, wato leza ta kama daga farko har ƙarshe ba tsayawa. Ɗayan salon, Track-at-Once, yana kashe leza bayan kowace waƙa, yana tilasta tazara, kuma wasu na'urori sukan yi ɗan ƙas a gaɓar.

Tazara: daƙiƙa 2 ga waƙoƙi daban-daban, sifili ga laccar da ka yanka ko naɗin taro, don kada magana ta riƙa yankewa.

Gudu: kada ka bar shi a Maximum. Faifan na iya cewa 52x, amma bugun da aka yi da matsakaicin gudu ya fi fitowa da tsabta, kuma tsohon ido a motar da ke girgiza yana buƙatar duk sauƙin da zai samu. Zaɓi 8x zuwa 16x. Akwai masu cewa sai 1x ko 2x, wannan shawarar zamanin da ce. Faifan yanzu an yi shi don gudu, injinan yanzu ma da yawa ba su sauka ƙasa da 8x ko 10x. Ɗauki mafi ƙanƙanta ko na biye da shi cikin abin da injinka ya nuna.

Rufe faifai: a sa alama a Finalize ko Close disc. Faifan da ba a rufe ba bai da cikakken jadawalin da na'urar sauti ke nema. Kada kuma ka yi tunanin ƙara waƙa gobe, na'urar sauti zaman bugu na farko kaɗai take gani.

Idan cenjarka na da CD TEXT, kunna shi ka rubuta sunayen. Yana buƙatar Disc-at-Once. iTunes, CDBurnerXP da ImgBurn suna rubuta shi, Windows Media Player ba ya yi, sunayen da kake gani a allonsa a kwamfutar suke zaune. Rubuta da haruffa marasa lanƙwasa, k, d, b, domin allon mota ba ya nuna ƙ, ɗ, ɓ, alamar tambaya ko fili za ka gani a gurbinsu.

Idan ya gama, fitar da faifan ka mayar. In ka ga jerin fayilolin .cda, faifan sauti ka buga. In ka ga .mp3 ko .wav, na fayiloli ne.

Mataki na 6: Idan cenjar na karanta MP3

Wanda cenjarsa ba ta karantawa ya wuce zuwa mataki na 7.

MP3 ne za ka tsaya a kai, ko da littafin ya lissafa WMA da AAC. WMA da mota ke nufi shi ne na gama-gari, ban da WMA Lossless da WMA Pro. AAC kuma wasu na'urori sai wanda iTunes ya matse suke karɓa. FLAC, OGG da Opus, da wuya ka samu cenjar da ta san su, mayar da su MP3.

Saitin da bai cika ba da matsala ba: 44.1 kHz, 192 kbps, CBR, wato nauyi tsayayye daga farko zuwa ƙarshe. VBR, mai hawa da sauka, ya fi tattalin wuri, amma tsofaffin na'urori sukan ruɗe da shi, agogo ya nuna lokacin da ba shi ba, ko gaba da baya su ƙi aiki. Faifai mai 700 MB yana ɗaukar kusan awa 12 da rabi a 128 kbps, awa 8 da rabi a 192, awa 5 a 320. MP3 ɗin da ka riga ka samu a 128 ko 160, bar shi yadda yake, kada ka sake matse shi don ya yi daidai da sauran.

Daidaita ƙara da MP3Gain, domin yana gyarawa ba tare da sake matsi ba. Alamar ReplayGain da wasu manhajoji ke liƙa wa fayil, yawancin na'urorin mota ba su duba ta.

A Mp3tag, adana bayanan waƙa a tsarin ID3v2.3, tare da ID3v1 idan na'urar tsohuwa ce. Sigar 2.4 ba kowace ke ganewa ba. Cire hoton bangon da ke maƙale a fayil, babban hoto na iya jinkirta farawar waƙa ko ya sa a tsallake ta, kuma allon ba zai nuna shi ba.

Sunaye su zama gajeru, ƙasa da haruffa 30, haruffa da lambobi kawai. Folda hawa ɗaya ta isa, mawaƙi ko maudu'i, fayiloli a ciki. Ƙa'idar ISO 9660, wato tsarin jera fayiloli a faifai, ta tsaya a hawa takwas, kuma duk zurfin da ka ƙara, ƙara wa cenjar lokacin karatu kake yi duk sanda ta juyo kan faifan. Yawan fayil ma na da iyaka, wasu na'urori a 255 suke tsayawa, wasu sun fi haka, littafin ne zai faɗa. Kada hoto, takarda ko bidiyo su shiga faifan.

A manhajar bugawa zaɓi Data disc, tsarin fayil ISO 9660 tare da Joliet, ba UDF ba. ImgBurn yakan zo da UDF a kunne, sai ka canza da hannu. Zaman bugu ɗaya, a rufe faifai, gudu kamar na sama. Na'urori da yawa suna bin jerin da aka rubuta fayilolin a faifai ne, lambobin 01, 02 da ka sa su ne ke sa manhajar ta rubuta su a jere.

Mataki na 7: Rubutu a faifai da lodawa

Rubuta suna da maka, a hankali. Saman CD-R ya fi ƙasansa rauni, domin shimfiɗar da ke ɗauke da sautin tana dab da fentin sama. Biro ko fensir na iya huda ta, kuma ƙarzuwar sama ba ta gyaruwa.

Kada ka liƙa takarda ko sitika, ko wace iri ce. Wannan ya fi komai kashe cenja. Faifai kaurin milimita 1.2 gare shi, cenjar kuma a matse take jera su, musamman wadda ke cikin dashbod mai baki ɗaya. Zafin mota yana narkar da gam, takarda ta ɗago, faifan ya maƙale, wani lokaci tare da sauran biyar, sai an kwance na'urar. Haka ƙaramin faifai mai santimita 8, da mai siffar kati, da wanda ya tsage ko ya lanƙwashe, duk kada su shiga.

A cenja mai akwati, duba zanen da ke jikinsa: wasu rubutu sama ake sawa, wasu rubutu ƙasa. Faifai ɗaya a kowane faranti, ka ji ya zauna. Gwada sabon faifai mota a tsaye: waƙar farko, ta tsakiya, ta ƙarshe, sannan ka sauya zuwa wani faifan ka dawo. Bayan haka ka gwada a kan hanya. Ajiye foldar WAV ko fayil ɗin CUE, CD-R da ke kwana a mota mai zafi ba ya daɗewa kamar faifan kamfani, wata rana za ka sake bugawa.

Mataki na 8: Idan ta ƙi

Fara da faifan kamfani mai kyau a gurbin da ya ƙi. Idan shi ma ya ƙi, matsalar cenjar ce, ido ya yi datti ko ya gaji, ko inji ya sami matsala. Faifan goge ido mai buroshi ba a cika son sa a cenja ba, yana iya maƙalewa, gara mai gyara ya buɗe ya goge.

Idan na kamfani ya yi, naka ya ƙi gaba ɗaya, mayar da shi kwamfuta ka duba ko .cda ne a ciki, ko an rufe shi, ko CD-RW ka ɗauko ba ka lura ba, ko a kife ka sa shi. Duk lafiya amma ta ƙi, sauya kamfanin faifan. Sinadarin da ake shafa wa CD-R ba iri ɗaya ba ne, shi ya sa ƙasan wani shuɗi, wani kore-kore, wani kamar azurfa, kuma tsohon ido kan karanta wani ya ƙi wani. Sayi ɗaya-ɗaya ka gwada kafin ka sayi tuli.

Idan farko lafiya amma waƙoƙin ƙarshe na tsalle, rage gudun bugu, ka rage tsawon zuwa minti 70. Idan tsallen ko'ina ne, goge ƙasan faifan da tsumma daga tsakiya zuwa baki a miƙe, ba a zagaye ba. Idan sai a kan gargada yake tsalle, duba ko cenjar ta kwance daga mazauninta. Cenjojin but da yawa suna da ɗan saiti a gefe da ake juyawa bisa yadda aka kafa su, a kwance ko a tsaye, in bai dace ba ko ƙaramin rami sai ya sa ta tsalle. Da sanyin safiya kuma raɓa kan kwanta a ido, ba ta ɗan lokaci motar ta ɗumama.

A faifan MP3, idan wasu fayiloli ne kaɗai ake tsallakewa, buɗe su a foobar2000 ka duba ainihin tsarinsu. Galibi za ka tarar AAC ne ko Opus aka sa wa sunan .mp3, ko kuma an matse su a 22 kHz ko ƙasa, abin da wasu na'urori ba su karɓa. Mayar da waɗannan kaɗai MP3 na 44.1 kHz, ka buga sabon faifai.